Cinikin Biri a Sama: Gwanjon Intanet da Haƙƙin Manomin da Ya Sayi Inji Mai Aibi

Gabatarwa

A ƙarshen daminar bara, wani ƙanen mahaifina da ke noman rani a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kudan ya sayar da barkononsa domin ya sayi injin ban-ruwa. Kuɗin bai kai na sabo ba, sai wani maƙwabcinsa ya saka shi cikin wani zauren WhatsApp da ake gwanjon injuna na hannu. Mai kayan, wanda ya ce yana Legas, ya ɗora hotuna da bidiyon wani inji yana feso ruwa, ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, ya kuma ba da wa'adin tayi zuwa ƙarfe tara na dare. Baffana ya fi kowa tayi, aka sallama masa, ya tura kuɗi a daren. Bayan kwana shida direban babbar mota ya sauke masa injin a Zariya. Da aka tayar da shi a bakin fadama, bai yi rabin sa'a ba ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai. Bakanike ya kankare fenti, sai ga tsaga a jikin injin, an like ta an shafe. Amsar da mai kayan ya bayar gajera ce: kayan gwanjo ne, yadda aka gani haka aka saya. Daga nan lambarsa ta daina shiga.

Da na je gaishe shi, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, kai da ka yi karatu, ina ake kai ƙarar irin wannan?" Wannan maƙala yunƙuri ne na amsa tambayar. Ra'ayina shi ne, mai saye yana da haƙƙi bayyananne a dokar ƙasa da kuma a fiƙihu, amma wannan haƙƙi ba ya da ƙafar da zai taka muddin kuɗi sun riga kaya tafiya. Saboda haka gyaran da ya fi dacewa da yankinmu shi ne wanda zai riƙe kuɗin a hannun amintacce har sai an gwada kayan.

Dalilin da Ya Sa Batun Ya Shafe Mu

Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar noma ce wadda rayuwarta ta rataya a kan inji. Manomin tumatir a Ikara da mai lambun albasa ko inabi a Kudan suna buƙatar injin ban-ruwa. Mai mazarƙwaila a Makarfi yana buƙatar injin matse rake. Kowace unguwa tana da injin niƙa da na casa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, farashin sabbin injuna ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Dole ta sa aka koma ga na hannu, wayar salula kuwa ta kawo kasuwarsu har cikin ɗaki.

Asarar da ke cikin irin wannan ciniki ta wuce kuɗin inji. Noman rani yana da lokaci. Idan irin tumatir ya isa dashe babu ruwa, mako guda ya isa ya lalata aikin shekara. Wanda ya sayi wayar hannu mai aibi zai iya jiran wata uku ana shari'a; wanda ya sayi injin ban-ruwa mai aibi a watan Nuwamba ba shi da wannan sarari.

Abin da Intanet Ta Cire Daga Cikin Ciniki

Gwanjo ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, haka ma sayen kayan hannu. Sai dai cinikinmu na gargajiya yana tafe da mutanen da ke tsare shi. Wanda ya je Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Sabon Garin Zariya sayen inji, yakan tafi da bakanikensa, a tayar da injin a gabansa, a saurari kukansa, a duba hayaƙinsa. Akwai dillali wanda ya san mai kaya ya san mai saye, la'adar da yake karɓa kuwa ladan tsayuwarsa ce a matsayin shaida. Idan aibi ya ɓulla bayan kwana biyu, akwai rumfar da za a koma, akwai shugaban 'yan kasuwa ko sarkin kasuwa da zai kira ɓangarorin biyu. Mai kayan ma yana da sunan da yake tsoron ɓatawa, domin gobe a nan zai sake kasa kaya.

Gwanjon intanet ya ɗauki tayi da sallamawa, ya zubar da sauran. Babu gwaji, babu dillali, babu rumfa, sunan mai kaya kuwa lambar waya ce da za a iya jefarwa a sayi wata. A 1970 masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da kan faru a kasuwar motocin hannu idan mai sayarwa ya san halin kayansa, mai saye bai sani ba. Mai saye zai riƙa tayi da arha don tsoron cuta, mai kaya nagari zai janye don tayin bai biya shi ba, a ƙarshe kasuwa ta zama ta masu ruɓaɓɓen kaya. Ke nan ha'inci ɗaya ba mutum ɗaya yake cuta ba, har da 'yan kasuwa masu gaskiya da ke neman abinci ta wannan hanya.

Me Dokar Ƙasa Ta Ce?

Tushen dokar saye da sayarwa a Nijeriya shi ne dokar Ingila ta 1893, wadda muka gada tun zamanin mulkin mallaka, jihohi da dama kuma suka gina nasu a kan tsarinta. Wannan doka ta tanadi cewa gwanjo yana kammala ne a lokacin da mai gwanjo ya buga guduma ko ya sanar da rufe tayi ta hanyar da aka saba. Amma ta tanadi wani abin da masu gwanjo ba sa son ambato: idan an sayar da kaya bisa siffantawa, wajibi ne kayan su dace da siffar da aka yi musu. Wanda ya sayi abin da bai taɓa gani da idonsa ba, bisa siffa ya saya. Haka kuma dokar ta hana mai kaya ya sa kansa ko yaronsa cikin masu tayi domin ya ɗaga farashi, sai in an sanar da hakan tun farko. In ya yi, mai saye yana iya ɗaukar cinikin a matsayin zamba.

Sabuwar dokar da ta fi kusa da talaka ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kuma kafa hukumar FCCPC. Sashe na 122 ya ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu zarafin dubawa ba kafin a kawo masa, idan ya tarar ba su dace da siffar da aka yi musu ba, matuƙar ya ƙi su cikin lokacin da ya dace. Sashe na 132 kuma ya ba shi wata uku daga ranar da aka miƙa masa kaya ya mayar da su idan ba su kai ingancin da doka ta shar'anta ba, ɗan kasuwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Har ila yau, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta da waya, don haka saƙonni da bidiyo da rasiɗin tura kuɗi duk hujjoji ne a gaban alƙali idan an cika sharuɗɗan gabatar da su. Idan kuwa ya tabbata an shirya yaudarar ne da gangan, to magana ta bar fagen ciniki ta koma laifin zamba, wanda 'yan sanda da hukumar EFCC ke da hurumi a kai.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ya kamata manomi ya san darasinta. A 1854 kotun Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Hadley da Baxendale, wadda ta taso daga karyewar sandar ƙarfen injin niƙa a garin Gloucester. Masu injin sun nemi diyyar kwanakin da suka yi ba aiki saboda jinkirin mai dako, kotu ta hana su, domin ba su sanar da shi cewa aikinsu gaba ɗaya ya tsaya a kan wannan ƙarfe ba. Ƙa'idar da ta fito daga nan tana aiki a kotunanmu har yau: asarar da ta wuce ta al'ada ba a biyan ta sai in ɗaya ɓangaren ya san da yiwuwarta lokacin ƙulla ciniki. Saboda haka mai sayen inji ya rubuta wa mai kaya tun kafin biya cewa na ban-ruwan gona kaza yake nema, kuma dashe ya ƙarato. Layi biyu ne a waya, amma su ne za su iya zama tsanin neman diyyar amfanin gona.

Me Fiƙihu Ya Ce?

Mafi yawan masu wannan ciniki a yankinmu Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, kuma tun 2001 akwai kotunan shari'ar Musulunci a Jihar Kaduna. Abin sha'awa shi ne yadda littattafan da ake karantawa a zaurukanmu suka riga suka tattauna wannan matsala ƙarnuka kafin a san waya.

Shi gwanjo, wato sayarwa ga wanda ya fi tayi, halal ne a wurin jumhurun malamai. Abin da aka haramta a cikinsa shi ne najashu, wato mutum ya ƙara tayi ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani. Hanin ya zo a Bukhari da Muslim. Ɓoye aibi kuwa algus ne, kuma sananne ne hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da mai hatsin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama. Fentin da aka shafa a kan tsagar inji ɗan'uwan wannan busasshen hatsi ne. Hukuncin wanda ya tarar da tsohon aibi da ke rage darajar kaya, wanda bai san da shi ba lokacin ciniki, shi ne yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kayan sun riga sun salwanta ko sun sauya ta yadda ba za su mayu ba, sai a ƙiyasta bambancin darajar lafiyayye da mai aibi a biya shi.

Game da sharaɗin kuɓuta daga aibi, wanda shi ne "yadda ka gani haka ka saya" na zamaninmu, malaman Hanafiyya sun faɗaɗa shi, Malikiyya kuwa sun ƙuntata shi ƙwarai, kuma ba su yarda ya zama mafaka ga wanda ya san aibi ya ɓoye ba.

Amma mas'alar da ta fi dacewa da gwanjon intanet ita ce ta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, a cikin Risala, ya halatta irin wannan ciniki, sai dai ya hana a shar'anta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso, in ban da abin da yake kusa ko wanda ba a tsoron sauyawarsa, kamar gida da fili. Hikimar a fili take. Kuɗin da aka biya a kan kayan da ke nesa suna rataye ne tsakanin zama farashi in kaya sun zo daidai, da zama bashi in ba su zo daidai ba, bin bashi a wurin wanda ba ka sani ba kuwa kowa ya san wahalarsa. Malamin da ya rayu a ƙarni na 10 ya gano inda gizo ke saƙar: matsalar tana wurin wanda kuɗi ke hannunsa a lokacin da aibi ya bayyana.

Hujjar Masu Gwanjo

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu gwanjo sukan ce arhar da mai saye ya samu ita ce ladan kasadar da ya ɗauka, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In aka tilasta wa mai tsohon inji ya ba da garanti irin na sabo, kasuwar kayan hannu za ta mutu, talakan da ake son karewa shi zai fara rasawa. Gwamnati ma da wannan ƙa'ida take aiki: Hukumar Kwastan ta Nijeriya, wadda ta fara gwanjon intanet a 2017 ta kuma sabunta shi a Janairun 2024, ta shar'anta cewa ana sayar da kaya a yadda suke, babu musanya babu mayar da kuɗi.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma iyakarta a bayyane take. Ya kamata a rarrabe abu uku. Na farko tsufa, kamar ringin da ya cinye ko bel ɗin da ya saki. Wannan mai saye ya ɗauka, domin shi ne ma'anar kayan hannu. Na biyu aibin da aka faɗa; wanda aka ce masa inji ba ya tashi ya saya a haka, ba shi da bakin magana. Na uku aibin da aka sani aka rufe, ko siffar ƙarya da aka yi wa kaya. Mai sayen rariya ya san rariya ya saya. Wanda aka ce masa ƙwarya ce aka aiko masa da rariya, labarinsa daban ne. Abin lura, ɗaya daga cikin kayan farko da aka sayar a dandalin eBay a 1995 wata 'yar fitilar nuni ce da ta lalace, aka saye ta dala 14.83, kuma babu wanda ya yi ƙorafi, domin mai ita ya faɗi cewa a lalace take. Lalataccen kaya ba ya ɓata gwanjo, ƙarya ce take ɓata shi.

Masu saye ma suna da nasu laifin. Da yawa sukan ga aibi su ci gaba da aiki da inji, ko su ba bakanike ya warware shi ɗaiɗai kafin su sanar da mai kaya. A fiƙihu, yin amfani da kaya bayan ganin aibi alama ce ta yarda, tana zubar da zaɓin mayarwa. A dokar ƙasa ma, wanda ya riƙe kaya fiye da lokacin da ya dace bai ce komai ba, ana ɗaukar ya karɓa. Abin da ya dace shi ne a ɗauki bidiyon sauke kaya da gwajin farko a gaban shaidu, a tsayar da aiki da zarar aibi ya bayyana, a rubuta wa mai kaya a ranar.

Inda Haƙƙi Ke Maƙalewa

Duk da waɗannan tanade-tanade, baffana bai samu ko sisi ba. Kotun da ke Hunkuyi tana iya sauraren ƙara, amma sammaci yana buƙatar suna da adireshi, shi kuwa lambar waya da sunan asusun banki kawai yake da su. Banki ba ya mayar da kuɗin da mai asusu ya tura da hannunsa don kawai kaya sun zo da aibi. Hanyar kai ƙorafi ga FCCPC ta fi sauƙi ga mai Ingilishi da intanet. Bin mutum har Legas kuwa, da kuɗin mota da masauki da lauya, yana iya cinye abin da ake nema. Ganin haka, mafi yawan waɗanda aka cuta sukan ce sun bar wa Allah, macuci kuma ya san da haka, shi ya sa yake sake ɗora wani injin.

Mafita

Manyan kasuwannin intanet na duniya ba da wa'azi kaɗai suka shawo kan wannan matsala ba. A Sin, Alipay ya faro ne a 2003 a matsayin ma'ajin da ke riƙe kuɗin mai saye a dandalin Taobao har sai ya tabbatar kaya sun iso lafiya. eBay kuma yana ba mai saye kwana 30 ya nemi a mayar masa da kuɗi idan kaya sun saɓa wa siffa. Duka biyun sun dawo da dillali ne cikin sabuwar riga, kuma sun yi daidai da abin da Risala ta shar'anta.

Ba sai mun jira wani kamfani daga waje ba. Ƙungiyoyin manoman rani da na masu rake a Ikara da Makarfi da Kudan suna iya buɗe asusun amana: mamba ya zuba kuɗin tayinsa a can, a nuna wa mai kaya shaidar kuɗin suna nan, a sake su bayan bakaniken ƙungiya ya gwada inji na kwana biyu ko uku. Mai kayan da ya ƙi wannan tsari ya riga ya faɗi halin kayansa. Haka nan ƙungiya tana iya ajiye wakili a manyan kasuwannin injuna, wanda zai je ya ga kaya da idonsa kafin a yi tayi, a biya shi la'ada kamar yadda aka saba. Hausawa mazauna Legas da sauran biranen kudu sun daɗe suna yi wa 'yan'uwansu irin wannan hidima a cinikin shanu da goro.

Ita kuma hukuma tana da nata rabon. Ya kamata FCCPC ta karɓi ƙorafi da Hausa, ta kuma samar da teburin karɓarsa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Ya kamata a wajabta wa duk mai gudanar da zauren gwanjo ya san cikakken suna da adireshin wanda ya bari ya kasa kaya, ya kuma miƙa su idan an yi ƙara, domin mai karɓar la'ada ba zai ce ba ruwansa ba. Kotunan ƙananan ƙararraki irin waɗanda Legas ta buɗe a 2018, Kano kuma a 2019, inda mutum zai iya tsaya wa kansa ba lauya, su ne suka dace da irin wannan rigima, kuma amfaninsu ga manomi yana ga kusantarsu da shi. Gwanjon gwamnati shi ma ya kamata ya zama abin koyi wajen bayyana halin kowane kaya dalla-dalla, domin masu damfara da ke fakewa da sunan kwastan a Facebook, waɗanda hukumar ta sha yin gargaɗi a kansu, duhun bayani ne jarinsu. Malamanmu kuma su ba babin ciniki haƙƙinsa a majalisun karatu, da misalan waya da inji, yadda mai saye da mai sayarwa za su ji hukuncin ya shafe su.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa dokar ƙasa da fiƙihu sun haɗu a kan hukunci ɗaya: gwanjo ba ya halatta ƙarya, kuma wanda ya sayi kaya bisa siffa yana da damar mayarwa idan siffar ta saɓa. Ta kuma nuna cewa nisa da rashin sanin mai kaya su ne ke mayar da wannan dama ta zama ta takarda. Baffana dai ya yi dashe a makare da injin aro, tsagaggen kuwa yana nan jingine a zaure. Bana da ƙungiyarsu ta tashi sayen injin casa, ma'aji ne ya riƙe kuɗin har aka tayar da shi a gaban mutum biyar. Masu kaya biyu sun ƙi sharaɗin, na uku ya yarda, kuma nasa ne yake aiki har yau.